Zoben da Ya Ƙi Gaisawa

Dare na tara ke nan a ɗakin sama.
Hull ta yi barci, ruwa na ta dukan taga,
ni da akwatin da na haɗa da hannuna
mun zuba wa juna ido kamar mai bashi da mai biya.

A kwali ya zo ta gidan waya,
ƙwayoyi ɗari biyu da 'yan kai a cikin leda,
wasu da ɗamara ja da ruwan ɗorawa,
wasu ƙafa uku kamar murhu.
Takarda ta ce mako guda ya isa.
Na bi, na gama, na murɗa.
Ko tari bai yi ba.

Na tuhumi batir, mita ta wanke shi, sha biyu cif.
Na ɗaga fis a haske, zarensa lafiya lau.
Na fita cikin yayyafi na ja wayar eriya
daga bututun hayaƙi zuwa itacen tuffar bayan gida,
na dawo da jiƙaƙƙiyar safa da mura.
Sai ya fara huci, shuuu,
kamar an yayyafa ruwa a kaskon suya,
amma babu ɗan Adam a ciki.

Jummala ta leƙo da kofi a hannu:
"Ga salula a aljihunka,
kana dannawa Gumel za ta ɗauka.
Me kake nema a sama da babu shi a ƙasa?"
Ban tanka ba.
Wanda ya tuƙa bas shekara ashirin da shida
a kan hanyar da wani ya zana
shi ya san kwaɗayin hanyar da ya share da kansa.

A dare na shida na kama dayod a juye,
ƙeya inda fuska ta kamata.
Na gyara, na ƙone ɗan yatsa, na yi murna a banza.

Tsoho Ackroyd na gida na huɗu,
wanda ya zaunar da ni har na ci jarrabawar lasisi,
hannunsa rawa yake yanzu, ba ya riƙe ƙarfen dalma.
Ya saurari kukana, ya ce:
"Bar neman aljani, Tanimu.
Nemi inda ka yi sauri."

Ina na yi sauri?
Akwai wani baƙin zobe, bai kai kwabo ba,
na naɗa masa zaren jan ƙarfe sau goma sha bakwai
ranar da tuwo ke jirana a ƙasa.
Na sake ƙirgawa, sha bakwai ne.
Na ari gilashin da Jummala ke zura allura,
na sunkuya har numfashina ya dusashe shi.
Ga dalma zaune a kai kamar hula, tana sheƙi,
amma zaren na nan cikin rigarsa ta fenti.
Kwana tara hannu cikin hannu,
ba su gaisa ba.

Reza. Kankara uku. Ɗigon dalma.
Wannan karon ta bi jikinsa ta kwanta.

Na murɗa, duniya ta faɗo ɗakin:
masu buga waya na tsattsaga kamar 'yan tsaki,
wani Bajamushe na jera lambobi,
wata murya can ƙasa kamar daga rijiya.
Na danna makirufo, na faɗi lambata sau uku,
zuciyata tuni ta haye teku, ta doshi hamada.

Amsa ta zo, garau, har da tarin da na sani:
"Na ji ka, Tanimu.
Muryarka kamar kwaɗo a tulu, amma na ji ka.
Gida huɗu ka yi tafiya.
Sauko, na ɗora shayi."

Na kashe fitila, na nemi takalmi.
Teku ta jira gobe,
akwai sauran kwaɗon da za a fitar.